Silib ko baifas: amsa ga mai kilo 84 da ke tunanin tiyatar rage ƙiba

Wata baiwar Allah daga Birnin Kebbi ta aiko da tambaya, ga kuma abin da ta ce a taƙaice. Shekarunta 36, tsawonta mita 1.60, nauyinta kilo 84. Shekara huɗu ke nan tana fama da ciwon suga, tana shan metformin da wata ƙwaya ta biyu, amma gwajin HbA1c na baya-bayan nan, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya nuna 8.4. Ƙwannafi na tashinta cikin dare, gwiwoyinta na ciwo har takan sayi diklofenak a kemis, 'ya'yanta uku, kuma tana fatan ƙarin haihuwa. Wani likita ya ambata mata aikin rage ƙiba da ake kira silib, wata 'yar uwarta da aka yi wa aiki a ƙasar waje kuma ta ce baifas ya fi. Tana son ta san wanne ya dace da ita, tun da ƙibarta ba ta kai ta mutanen da ta saba ji ana yi wa irin wannan aiki ba.

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da lissafi, domin a kansa sauran maganar za ta hau. Idan aka raba kilo 84 da tsawonki sau kansa, wato 2.56, ma'aunin BMI ɗinki, wanda ke gwada nauyi da tsawo don a san matakin ƙiba, zai kama kusan 33. A bisa tsohuwar ƙa'idar da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar a 1991, ba a yi wa mutum wannan tiyata sai BMI ɗinsa ya kai 40, ko kuma 35 idan akwai wata cuta da ƙibar ta jawo, saboda haka a wancan zamani da an sallame ki tun daga bakin ƙofa. Amma a 2022 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, ASMBS, tare da ta duniya, IFSO, sun sauya wannan ƙa'ida: wanda BMI ɗinsa ke tsakanin 30 da 34.9 ana iya duba yi masa aiki idan yana da cuta irin ciwon suga, musamman idan magani da gyaran abinci sun kasa. Ke nan tambayarki tana kan hanya, kuma likitan da ya ambata miki tiyata bai yi abin mamaki ba.

Sai dai akwai abin da nake so ki riƙe tun yanzu, domin shi ne ya bambanta ki da 'yar uwarki. A nauyi irin naki, yawan kilon da za a zubar ba shi ne ke zaɓen aikin ba. Silib kan zubar da kimanin kashi 25 cikin 100 na nauyin mutum a cikin shekara ɗaya zuwa biyu, baifas kuma kimanin kashi 30. Ga mai kilo 150, wannan ratar ta kashi 5 ta haura kilo 7, kuma ko bayan aikin da sauran ƙiba a jikinsa, don haka kowane kilo yana da daraja a wurinsa. A wurinki kuwa, silib zai sauko da ke wajen kilo 63, baifas wajen kilo 59, kuma dukansu biyu sun shigar da ke cikin nauyin da ake ɗauka na lafiya. Ratar kilo 4 ba ta isa dalilin da za a sauya wa hanjin mace hanya har iyakar rayuwarta ba. Abin da zai yanke hukunci shi ne ciwon sugarki, ƙwannafin da ke hana ki barci, jinin jikinki, da kuma irin kulawar da za ki iya samu a inda kike zaune bayan an gama aiki kin dawo gida.

A aikin silib ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siririn bututu mai kamar ayaba. Ba a taɓa hanji. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, shi ya sa mutum kan ji ci ya ragu ƙwarai a watannin farko. Abin da aka yanke ba ya dawowa. A aikin baifas kuwa, wanda likita Edward Mason ya fara yin irinsa a Amurka a shekarun 1960, ba a fitar da tumbin. Ana keɓe ɗan ƙaramin aljihu a samansa wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da shi, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da kuma farkon hanji. Wannan tsallakewa ita ce ƙarfin aikin, domin tana sa hanji ya saki sinadaran da ke taimakon insulin da wuri, har wasu sugarsu kan sauka kafin su bar asibiti, tun nauyi bai fara raguwa ba. Ita ce kuma rauninsa, domin farkon hanjin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam.

Game da suga, binciken da ya fi kusa da halinki shi ne wanda ake kira STAMPEDE, wanda aka yi a Cleveland Clinic a Amurka a kan mutum 150 masu ciwon suga, BMI ɗinsu daga 27 zuwa 43, kuma kimanin ɗaya cikin uku daga cikinsu ba su kai 35 ba. Da aka fitar da sakamakon shekara biyar a 2017, waɗanda HbA1c ɗinsu ya sauka zuwa 6 ko ƙasa da haka sun kai kashi 29 cikin 100 a rukunin baifas, kashi 23 a rukunin silib, kashi 5 kacal a rukunin da aka bari a kan magani kaɗai. Abu biyu ake karanta a nan. Na farko, kowace daga cikin tiyatar biyu ta yi wa magani nisa. Na biyu, ko da baifas, mafi yawan mutane ba su rabu da ciwon kwata-kwata ba, sauƙi suka samu, magungunansu suka ragu. Duk wanda ya ce miki tiyata na warkar da suga a kowane hali, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Wanda ya fi samun rabuwa da ciwon shi ne wanda ciwon bai daɗe a jikinsa ba kuma bai fara allurar insulin ba, saboda ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikinsa ba su gaji ba tukuna. Shekara huɗu ba tare da allura ba, kina cikin waɗanda ake kyautata wa zato, kuma a irin wannan mataki silib ma yana yin aiki mai kyau. Da a ce shekara goma kika yi kina allura safe da yamma, da na karkata ga baifas ba tare da dogon tunani ba.

Inda nake son mu daɗe shi ne ƙwannafi, domin mutanenmu sun raina shi. Mace za ta shekara tana jiƙa kanwa tana sha, ko ta tara matashin kai uku ta kwana a kishingiɗe, kuma idan likita ya tambaye ta ko tana da wata matsala sai ta ce babu, don ba ta lissafa wannan a cikin ciwo. Alhali a zaɓen tiyatar nan, shi ne kan gaba. Bututun da silib ke bari siriri ne mai matsi, saboda haka ruwan tsamin ciki yakan samu hanyar komawa sama cikin sauƙi. A wani bincike da aka yi a Suwizalan mai suna SM-BOSS, wanda aka wallafa a 2018, ƙwannafi ya ƙaru ga kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka yi wa silib bayan shekara biyar, amma kimanin kashi 6 kawai a cikin waɗanda aka yi wa baifas, kuma a rukunin baifas akasarin masu ƙwannafi tun farko sun rabu da shi. Ruwan tsami da ke ƙona hanyar abinci shekara da shekaru yana iya sauya fatar wurin zuwa abin da ake kira Barrett, wanda a wasu mutane ƙalilan yake zama share fagen ciwon daji. Kuma ƙwannafin da ya ƙi jin magani yana cikin manyan dalilan da ke sa a koma a mayar da silib baifas, wato aiki biyu da kuɗi biyu a madadin ɗaya.

Saboda haka ba zan yarda a sa miki wuƙa ba sai an yi miki endoskofi, wato an zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki an leƙa hanyar abinci da tumbi. Ana yin wannan a manyan asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma bai kai rabin awa ba. Abin da ake nema shi ne ko hanyar abincin ta ƙone, ko saman tumbin ya zame ya shige ƙirji, ko akwai gyambo, ko kuma ƙwayar cutar H. pylori wadda ta yi yawa ƙwarai a ƙasar nan kuma dole a kashe ta kafin aiki. Idan an ga ƙuna mai tsanani ko Barrett, maganar silib ta ƙare, baifas ne aikinki. Idan kuwa wurin lafiya lau yake, ƙwannafin kuma yana lafawa da omeprazole da daina cin tuwo dab da kwanciya, to ƙofar silib a buɗe take.

Yanzu ga abin da ke ja ta ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne zama a Kebbi ke shiga lissafi. Diklofenak da kike sha, da danginsa irin ibuprofen da feldin, da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, haramtattu ne bayan baifas har abada, domin suna haifar da gyambo a daidai inda aka ɗinke hanji da aljihun tumbi, kuma gyambon nan yana iya zubar da jini ko ya huje. Gwiwa takan yi sauƙi idan nauyi ya ragu, amma ki tambayi kanki da gaske ko za ki iya rabuwa da waɗannan ƙwayoyi. Sai maganar jini. Mace mai shekara 36 da ke al'ada kowane wata, ta haihu uku, ga zazzaɓin cizon sauro duk damina, sau da yawa jininta a bakin gaɓa yake tun kafin a taɓa ta. Bayan baifas za ta sha ƙwayar ƙarfe, da bitamin B12, da kalsiyam, da bitamin D kowace rana muddin ranta, tare da gwajin jini a kai a kai, kuma wasu duk da haka sai an yi musu ƙarin ƙarfe ta jijiya. Silib ma yana bukatar bitamin, kada a ruɗe ki, amma ƙarancin da yake jawowa bai kai na baifas yawa ko tsanani ba. Akwai kuma murɗewar hanji ta cikin ramukan da aikin baifas ke bari, wadda kan zo ko bayan shekaru, har da lokacin goyon ciki, kuma tana bukatar likitan tiyata da ya san aikin cikin sa'o'i. Daga Birnin Kebbi zuwa Abuja tafiyar yini ce a mota.

Ba zan manta da wata mata da aka kawo mana ba, sati biyar bayan an yi mata aiki a wata ƙasa. 'Yarta ce ta riƙo ta, tana jan ƙafa, idanunta na rawa, tana maimaita tambaya ɗaya. A cikin jakarta akwai takarda guda ɗaya tal, rubuce da harshen da babu mai karanta shi a cikinmu, babu sunan aikin da aka yi, babu lambar wayar da za a kira. Sati uku tana amai, 'yan gida suna cewa ai haka aikin yake, alama ce yana ci. Bitamin B1 ne ya ƙare a jikinta, domin ajiyarsa ba ta wuce ta 'yan makonni ba, kuma rashinsa ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Allura ce mai arha ta dawo da hankalinta, amma tafiyarta ta ɗauki watanni kafin ta daidaita. Ina kawo wannan ne don ki san cewa aman da ya wuce kwana biyu ko uku bayan kowace irin tiyatar ƙiba dalilin zuwa asibiti ne a ranar, kuma ki roƙi a ba ki bitamin B1 kafin a ɗaura miki ruwa mai suga.

Sauran ayyukan ba sai mun daɗe a kansu ba. Zoben da ake ɗaure saman tumbi da shi ya yi tashe a shekarun baya saboda ana iya cire shi, amma yawancin cibiyoyi sun yi watsi da shi domin mutane da yawa sai da aka koma aka fitar musu da shi. Ƙaramin baifas mai ɗinki ɗaya, duk da sunansa, yana tsallake hanji mai tsawo, kuma yana iya jawo komowar ruwan maɗaciya da rama mai yawa. Manyan ayyuka irin SADI, wanda ke haɗa silib da tsallake hanji mai tsawo, an tanade su ne ga masu ƙiba mai tsanani, ba su dace da mai kilo 84 ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya tallata miki su ki nemi ra'ayin wani likita. Balan-balan da ake hurawa a cikin tumbi wata shida kawai takan yi a cire ta, kuma nauyi kan dawo. Akwai ɗinkin tumbi ta baki ba tare da yanka ba, wanda wani bincike na 2022 ya nuna yana zubar da kusan kashi 14 cikin 100 a shekara ɗaya ga masu BMI 30 zuwa 40, amma ƙarfinsa a kan suga bai kai na tiyata ba.

Kafin duk wannan, ya kamata a yi adalci ga magani, domin a nauyinki yana gogayya da wuƙa. Allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ta zubar da kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi a babban gwajin da aka wallafa a 2021, tirzepatide kuma, wato Mounjaro, ta kai wajen kashi 21 a na 2022, ko da yake masu ciwon suga kan zubar da ƙasa da haka. Dukansu suna sauko da suga sosai. Matsalarsu ita ce tsada, da bukatar firiji a garin da wuta ba ta tsayawa, da kuma cewa idan aka daina, kusan biyu cikin uku na abin da aka zubar yakan dawo cikin shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a 2024 a kan jabun wannan allura, saboda haka ba abin saye a hannun 'yan talla ba ne. Amma idan kina da hali, gwada ta wata shida zuwa shekara a ƙarƙashin likitan suga ba ɓata lokaci ba ne. Idan HbA1c ya sauko ƙasa da 7 kuma aljihu ya ɗauka, mai yiwuwa ba ki bukatar aiki yanzu.

Haihuwar da kike fata ita ma tana da nata hukunci. Bayan kowace tiyata ana jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki, domin lokacin ne jiki ke zubewa kuma ɗan tayi ba zai samu isasshen abinci ba. Ciki kuma yakan shiga da sauri idan nauyi ya sauka, har ga matan da suka daɗe suna nema, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce bayan baifas, sai dai ashanar hannu ko robar mahaifa. Allurar semaglutide ma ana dakatar da ita aƙalla wata biyu kafin ciki. Wannan magana ce da za ku zauna ku yi da maigida tun kafin a biya kuɗin asibiti, domin a shekara 36 jiran shekara ɗaya da rabi ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ki zaɓi lokacin aikin da hankali. A watannin farko ba za ki iya ɗaga kofin ruwa ki shanye ba, sai kurɓi-kurɓi yini guda har ki cika lita ɗaya da rabi, kuma kin san zafin Kebbi a watan Afrilu. Azumin da ya faɗo cikin watannin farko bayan aiki likitoci kan hana shi, sai ki tambayi malamai hukuncin ramuwa. Abincin gida kuwa zai juye: kifi, ƙwai, wake, awara da nono marar suga su ne za su shiga gaba, tuwon shinkafa ya koma loma biyu ko uku a ƙarshe. Fura mai suga da lemon kwalba, musamman bayan baifas, suna iya sa ki zufa da jiri da bugun zuciya cikin rabin awa.

Idan kika ce in faɗi ra'ayina kai tsaye, ga shi. Ki fara da endoskofi da gwajin jini na ƙarfe da B12 da bitamin D, ki ba sabbin magungunan suga dama idan da hali. Idan aka zo ga aiki kuma hanyar abincinki lafiya take, na fi karkata ga silib saboda ciwon sugarki bai tsufa ba, kina son haihuwa, kuma kina nesa da cibiyar da za ta kula da matsalolin baifas. Idan an ga ƙuna, baifas na asali za a yi, ba mai dogon tsallake ba, bisa sharaɗin kin rabu da diklofenak kuma kin amince da shan bitamin har abada. Hukuncin ƙarshe na likitan da zai duba ki ne da idonsa.

A hannun ƙwararru haɗarin rasa rai a wannan aiki bai wuce na cire maɗaciya ba, amma kalmar ƙwararru ita ce sharaɗin. Ko a Legas za a yi, ko Abuja, ko Masar, ko Indiya, ki tambayi likitan sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, da abin da yake yi idan ɗinki ya yi yoyo, wanda kan faru ga kimanin mutum ɗaya cikin ɗari kuma yakan bayyana a makonni biyun farko da zazzaɓi, da bugun zuciya sama da 120 a minti, da ciwo a kafaɗar hagu. Kada ki kama hanyar gida kafin waɗannan makonni su wuce. Ki karɓi cikakken rahoton aikin da Turanci, da sunan aikin da tsawon hanjin da aka tsallake idan baifas ne, da lambar da za a kira dare ko rana, sannan tun kafin ki tafi ki samu likita ɗaya a Birnin Kebbi ko Sakkwato wanda ya yarda zai riƙa duba jininki a wata na uku, na shida, na goma sha biyu, da kuma sau ɗaya kowace shekara bayan nan.